Yadda Ake Adana Amfanin Gonar Haɗin Gwiwa Daga Kaka Har Damina ta Zagayo

Duk wanda yake cefane a Kano ya san cewa kayan miya ba su da farashi ɗaya a shekara. Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da motoci suke sauke tumatirin Kadawa da Kura da Garun Malam a kasuwar 'Yankaba, kwando yakan yi arha har mai lambu ya kasa mayar da kuɗin taki, amma da zarar an shiga Mayu zuwa Agusta sai tumatiri da tattasai su gagari mai ƙaramin ƙarfi. Ganye da kuɓewa kuma nasu lokacin daban ne, domin a ƙarshen damina suke cika gari, a bazara kuma a neme su a rasa. Mutanen da suka haɗa kai suka noma ɗan fili a bayan gari, ko 'yan unguwa ne ko ƙungiyar mata, suna fuskantar wannan matsala fiye da kowa, saboda amfaninsu yakan nuna a lokaci ɗaya, ya fi ƙarfin cin gidajensu, kuma a lokacin ne kasuwa ba ta ba shi daraja.

Abin da mai koyo yake bukatar ya riƙe daga ilimin wannan aiki kaɗan ne. Fumfuna da ƙwayoyin da suke ruɓar da abinci ba sa rayuwa sai da danshi, ƙwarin hatsi kuma ba sa rayuwa sai da iska. Saboda haka ko dai a fitar da ruwan da ke jikin amfanin ta hanyar shanya, ko a toshe masa iska, ko kuma a dafa shi a rufe a kwalba tare da tsami. Yawancin matakan da ke tafe suna komawa ga ɗaya daga cikin waɗannan uku.

Kayan aiki

Domin shanya, ana bukatar tabarmi masu tsabta ko asabari, da faya-fayai ko manyan tirori, da wani gado da za a ɗora su a kai domin su rabu da ƙasa da kamar tsayin ƙugu. Ana iya haɗa gadon da katako, ana kuma iya kafa 'yan sanduna huɗu a shimfiɗa karan dawa a sama. Tsohon gidan sauro da aka wanke shi ne marufin da ya fi dacewa, domin yana tare ƙuda da kaji da yawancin ƙura ba tare da ya hana iska wucewa ba. Sai wuƙaƙe masu kaifi waɗanda ba sa tsatsa, da katakon yanka, da manyan robobin wanki guda biyu ko uku, da kwando mai tsane ruwa, da madambaci, da turmi da taɓarya, da rariya.

Domin ajiya, a tanadi kwalabe ko robobi masu murfin da yake kamawa sosai, da leda mai kauri, da jarkoki waɗanda ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a cikinsu ba. Masu wake mai yawa su nemi buhun PICS, wato buhun ajiya mai toshe iska wanda bayaninsa yake a mataki na 5, a wurin masu sayar da kayan noma. Domin tumatirin kwalba kuwa, ana bukatar kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe, da babbar tukunya mai zurfi, da lemun tsami, da gishiri, da isasshen itace ko gawayi. A ƙarshe a sayi littafin rubutu da alƙalami. Gonar mutane da yawa ba ta tafiya babu rubutu, kuma yawancin saɓanin da ake samu a lokacin rabo daga rashinsa yake tasowa.

1. A raba amfanin tun yana gona

Kafin a tsinki komai, mambobi su zauna su yanke abin da za a ci ɗanye, da abin da za a kai kasuwa, da abin da za a adana, sannan a sa ranar girbi daidai da ranar da ake da hannun yin yanka da shanya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: kuɓewa ko ganyen da ya kwana a buhu ya riga ya fara gumi, kuma shanya ba ta mayar masa da kyansa. A yi tsinka da hantsi bayan raɓa ta bushe, a zuba a kwando maimakon buhun leda, a ajiye a inuwa.

Idan an yi feshin maganin ƙwari, a duba jikin kwalbar maganin a ga kwanakin da aka ce a jira kafin girbi, kuma a cika su. Shanya tana fitar da ruwa ne kawai, ba ta fitar da magani.

2. Tantancewa da wanki

A ware duk wanda ya fashe, ko ya yi tabo, ko tsutsa ta huda shi, a kai shi tukunyar ranar. Adana ba ta gyara abin da ya fara lalacewa, hasali ma ɗaya mai ruɓa yakan shafi na kusa da shi. A wanke sauran a roba ta farko da ruwa mai ɗan gishiri, a ɗauraye a ta biyu da ta uku, a bar su su tsane sarai kafin wuƙa ta taɓa su. Masu lambu a gefen rafukan cikin gari, irin su Jakara, inda ruwan kwata yake shiga, su ƙara kula da wannan mataki, kuma su yi wankin da ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse.

3. Ganye

Zogale da yakuwa da rama da lalo da karkashi da ganyen kuka duk a inuwa ake shanya su, a rumfa ko a ɗaki mai tagogi a buɗe. Wannan shi ne wurin da masu koyo suka fi yin kuskure, domin gani suke rana ta fi sauri. Gaskiya ne ta fi sauri, amma tana ƙone launin ganyen ya koma ja-ja, kuma tana rage masa sinadarin bitamin A, wanda shi ne babban dalilin da ya sa ake ba yara da masu jego zogale. Kukar da aka shanya a inuwa koriya shar take fitowa, kuma ko a ƙamshi ba a haɗa ta da wadda ta sha rana.

A zage ganyen daga jikin sandunansa, a baza shi ƙwarya-ƙwarya yadda ba zai hau kan juna da yawa ba, a riƙa juya shi safe da yamma. Rama da alayyahu sun fi kyau idan aka turara su a madambaci na minti biyu zuwa uku kafin a baza, domin turarin yana tsayar da abin da ke sa ganye ya ci gaba da dusashewa bayan an tsinke shi. Amma kada a turara lalo da karkashi da kuka, saboda yauƙinsu ake nema, zafi kuma yana rage shi. Gwajin bushewa ba shi da wuya: a murza ganye tsakanin tafin hannu biyu, idan ya ruguje ya zama gari to ya yi, idan kuma ya lanƙwashe kawai, da sauransa.

A ganina ya fi kyau a adana ganye a yadda yake, a riƙa daka na mako biyu ko na wata ɗaya kawai, domin gari ya fi saurin shan danshi da salancewa. Wanda ba shi da wurin ajiya mai yawa yana iya dakawa gaba ɗaya, ya tankaɗe, ya ɗura a kwalba ya cika ta har baki.

Idan hadari ya ƙi ɗaukewa kuma ganyen ya soma laushi yana neman yin wari, a matsa da shi kusa da murhu inda ɗumi yake kaiwa amma hayaƙi ba ya bugunsa, ko a kunna masa fanka in akwai wuta. A watan Agusta, lokacin marka, ban ba da shawarar a shanya ganye mai yawa ba ko kaɗan. A ci shi ɗanye a lokacin, a jira ƙarshen Satumba zuwa Oktoba.

4. Kuɓewa, kabewa da zoɓo

Kuɓewar shanya ita ce matashiya, wadda bakinta yake karyewa ɓas idan aka lanƙwasa shi. Wadda ta ƙosa ta yi zare, a bar ta a jikin uwarta ta bushe domin iri. A wanke ta tun tana guda, a bar ta ta bushe daga ruwan wankin, sannan a yayyanka ta siri-siri. Ba a wanke kuɓewa bayan an yanka ta. Ita rana take so, kuma ranar farko ce mafi muhimmanci, domin idan ba ta sami zafi sosai a ranar ba sai ta manne da juna ta yi baƙi. Zafin agazari na watan Oktoba ya dace da ita ƙwarai. A kwashe ta kafin magariba, domin raɓar wannan lokaci tana da yawa, kuma shanyar da ta kwana a waje takan sake shan danshi bayan ruwan da ta fitar da rana.

Kabewar da ta ƙosa sosai, wadda farce ba ya shiga ɓawonta, takan yi watanni ba tare da an yi mata komai ba, muddin an yanko ta da ɗan guntun kararta, ba a jefar da ita ta bugu ba, kuma an ɗora ta a kan katako a wuri mai iska ba tare da ta jingina da 'yar uwarta ba. Wadda ta sami rauni kuwa a fere ta, a cire 'ya'yan, a yanka ta dogo-dogo a rataye a igiya mai tsabta har ta bushe.

Zoɓo a ɓare shi daga ƙwallon da ke ciki tun yana ɗanye, a shanya a kan tabarma, a kiyaye shi daga yashi domin wankinsa yana da wuya daga baya. Kada a zubar da 'ya'yan, masu yin daddawar batso suna bukatarsu.

5. Wake da gyaɗa

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfanin, ƙwansa yana manne a jikin ƙwayar, shi ya sa ake rufe wake mai kyau a buhu, bayan wata biyu ko uku a buɗe a tarar da shi duk huda. Bayan an sussuka an sheƙe, a shanya waken har sai ya fashe ƙaras idan aka ciza. Wanda yake son ƙarin tabbaci ya zuba cikin hannu ɗaya na wake a busasshiyar kwalbar gilashi tare da cokali biyu na busasshen gishiri, ya rufe, ya girgiza, ya bar shi kamar minti 15, ya sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai sauran danshi.

Daga nan sai a kashe ƙwarin da ke ciki da zafin rana. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda a kanta, a baza waken siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefunan a danne da duwatsu, a bar shi aƙalla awa biyu da tsakar rana. A bar shi ya huce kafin a ɗura.

Buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka, buhu uku ne a cikin juna: leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A duba ledojin a tabbatar babu huda, a zuba waken, a matse iskar da ke sama, sannan a murɗe bakin kowane buhu a ɗaure shi daban, daga na ciki zuwa na waje. Ƙwarin da suka rage za su shanye 'yar iskar da ke ciki su mutu. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗewa kowane mako ana ɗiba, wanda yake mayar musu da iska. Saboda haka na cin yau da kullum a ware shi daban tun farko. Ga gonar da wakenta bai wuce 'yan kwanuka ba, jarka ta fi buhu dacewa: a cika ta har wuya, a bubbuga ta zauna a ƙara, a sa leda a bakin kafin a ɗaura murfin. Idan babu jarka, a gauraya waken da tankaɗaɗɗiyar tokar itace mai sanyi, awo ɗaya na toka ga awo ɗaya na wake, a zuba a tukunyar ƙasa, a rufe saman da ƙarin toka.

Ina roƙon mai karatu da babbar murya kada ya zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a wake. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Abin da wasu ƙasashe suka ƙi bari ya shiga kasuwarsu bai kamata mu zuba wa 'ya'yanmu a tukunya ba.

Gyaɗa kuma a ɓawonta ake adana ta. Bayan an tuge, a kifa ta 'ya'yan suna kallon sama, a bar ta har sai ta yi ƙara idan aka girgiza, sannan a tsinke a zuba a buhun da iska take ratsawa, a ɗora a kan katako. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi kore-kore, ko take da ɗaci, a zubar da ita. Fumfunar gyaɗa tana haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, wadda suya ba ta kashewa, kuma bai dace a ba dabbobi irin wannan gyaɗa ba domin gubar tana biyo nono.

6. Kauɗar tumatiri

Idan gonar tana da rijiya ana noman rani, to babban aikinta yana zuwa ne a hunturu, kuma Allah Ya hore mana yanayin da ya dace da shi, domin iskar Disamba zuwa Fabrairu busasshiya ce ƙwarai. Ko gonar ba ta noman rani, ya kamata mambobi su haɗa kuɗi su sayi kwanduna a wannan lokaci su yi aikin tare.

A zaɓi tumatiri mai tauri da tsoka, irin dogon nan da 'yan kasuwa suke kira UTC, wanda ya nuna jawur amma bai yi laushi ba. Mai ruwa-ruwa a bar shi domin kwalba. A raba kowane ɗaya biyu a tsaye, manya kuma huɗu, a jera su fuskar yankan tana kallon sama, a barbaɗa gishiri kaɗan, a rufe da gidan sauro ba tare da ya taɓa su ba. Bayan kwana biyu, idan saman ya kame, a juya. Gwargwadon kaurin yanka da ƙarfin rana, yakan ɗauki kwana huɗu zuwa mako guda. Kauɗar da ta yi ba ta danƙo a yatsa, kuma idan aka matsa ta babu wurin da yake da laushi a tsakiya. Tumatiri fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, don haka kada a yi mamaki idan kwando guda ya koma 'yan kwanuka kaɗan. Gara kowa ya san haka kafin ranar rabo.

Mutane da yawa sun guji kauɗa ne saboda wadda suka saba saye, wadda aka baza a ƙasa a gefen titi ta kwashi yashi da ƙura, miyarta ta fito baƙa tana gasar haƙori. Laifin na wurin shanya ne. Wadda aka yi a kan gado, a rufe, jajir take fitowa. A ranar da hazo ya yi yawa, a ƙara yadi mai shara-shara ta ɓangaren da iska take bugowa. Wanda yake da hali ya sa kafinta ya haɗa masa akwati mai zurfin taƙi ɗaya, a shafa wa cikinsa baƙin fenti, a rufe samansa da farar leda, a bar ƙofofin iska a ƙasa da sama a toshe su da raga. Irin wannan akwati yana gaggauta bushewa kuma yana kawar da matsalar ƙura.

Lokacin amfani, a jiƙa kauɗar a ruwan zafi na kamar rabin awa, a ɗauraye, a niƙa tare da albasa.

7. Tattasai, attaruhu da albasa

Tattasai a tsaga shi a cire 'ya'yan, a shanya kamar tumatiri. Attaruhu yana da tsoka, idan aka shanya shi guda yakan ruɓe ta ciki alhali bayansa yana nuna ya bushe, saboda haka a tsaga shi biyu, kuma mai yankan ya sa leda a hannu. Barkono ƙanana ne kaɗai ake shanyawa guda.

Albasa ba yanka take bukata ba. A daina ba ta ruwa kwanaki kafin a cire ta, a bar ta da ganyenta a inuwa mai iska har wuyanta ya bushe ya tsuke, sannan a yanke ganyen a bar ɗan tsayin yatsa. A baza ta a kan gado, kada a tara ta tsibi, kada kuma a sa ta a leda, a riƙa bi ana fitar da wadda ta yi laushi ko ta tsiro. Lawashin da yake kore kuwa a daka shi, a dunƙula, a shanya ya zama gabu, wanda zai yi amfani a miya lokacin da albasa ta yi tsada.

8. Tumatirin kwalba

Wannan mataki ne da kuskure a cikinsa yake iya halaka mutum, don haka a bi shi yadda yake. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum wadda take zaune a ƙasa, tafasa ba ta kashe ƙwanta, kuma tana bunƙasa ne a wurin da babu iska, kamar cikin rufaffiyar kwalba, ta fitar da guba mai shanye jiki wadda ba dole ba ne ta yi wari. Abin da yake hana ta tashi shi ne tsami. Daga nan dokoki biyu suka fito. Ta farko, kada a sa kanwa a tumatirin da za a ɗura, duk da cewa mun saba sa ta domin kashe tsamin miya. A bari sai ranar girki. Ta biyu, kada a haɗa shi da tattasai da attaruhu da albasa, domin su ba su da tsami, suna kuma rage na tumatirin. Na san haɗaɗɗen niƙa ya fi sauƙin amfani, amma wurinsa firiza ne, ga wanda yake da wutar da zai dogara da ita.

A niƙa tumatiri zalla, a dafa shi a buɗe ana juyawa har ya ragu zuwa kusan rabi. Kafin nan an wanke kwalabe da murafansu da sabulu, an duba bakin kowace babu tsaguwa, murfin babu tsatsa kuma robar cikinsa ba ta cinye ba, an ajiye su a ruwan zafi. A zuba babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami a kowace kwalbar rabin lita, cokali biyu a ta lita ɗaya, sannan a ɗura tumatirin da zafinsa, a bar sarari kamar kaurin yatsa a sama, a goge bakin da tsumma mai tsabta, a ɗaure murfin.

A shimfiɗa tawul a gindin babbar tukunya domin kada gilashi ya zauna a kan ƙarfe, a jera kwalaben a tsaye, a zuba ruwan zafi har ya shanye kansu da kamar yatsa biyu. Daga lokacin da ruwan ya soma tafasa sosai ake fara lissafi: minti 40 ga rabin lita, minti 50 ga lita ɗaya, kuma idan wuta ta mutu tafasar ta tsaya, sai a sake lissafin daga farko. A fitar da su a ɗora a kan katako ko tsumma, kada a kan siminti mai sanyi, a bar su har washegari. Murfin da ya kama yakan lotsa ciki kuma ba ya motsi idan aka danna tsakiyarsa. Wadda ba ta kama ba a yi miya da ita a ranar. A rubuta wata da shekara a jikin sauran, a yi amfani da su cikin shekara ɗaya.

Duk kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko ta fesa da aka buɗe, a zubar da abin cikinta ba tare da an ɗanɗana ba. Mai kyau ma a tafasa ta aƙalla minti 10 a cikin girki. Dabarar ɗura dafaffen tumatiri a gorar roba a malala mai a sama ba ta wuce ta 'yan kwanaki ba. Wanda bai sami kwalaben gilashi ba ya yi kauɗa.

9. Wurin ajiya da tsarin ci

A ajiye komai a wuri mai duhu da iska, nesa da murhu, a kan katako, kuma kada ya jingina da bango, saboda gara da ɓeraye da lemar damina. A makon farko bayan an rufe busassun kaya, a riƙa duba jikin kwalbar; idan aka ga gumi, a juye a sake shanyawa. Kafin ruwan farko ya sauka, wajen ƙarshen Afrilu, a fito da kauɗa da kuɓewa da barkono a ba su rana ta yini ɗaya a sake rufewa, domin daga nan har Oktoba iskar kanta tana ɗauke da danshi.

Domin ɗanyen kaya na 'yan kwanaki, irin su tumatiri da yalo da karas, tukunya cikin tukunya tana taimakawa. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a Jigawa, shi ya yaɗa wannan dabara har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A bazara da hunturu take aiki sosai, a damina kuma sanyinta kaɗan ne saboda ruwan yashin ba ya tashi da sauri.

Game da ci, ƙa'idar ita ce kada a taɓa ajiyar abu alhali ɗanyensa yana arha. A kaka a more kabewa da sabuwar gyaɗa a miyar taushe. A hunturu a ci ɗanyen tumatiri da latas da kabeji da karas, a bar kwalabe a rufe. Da bazara ta kama, ganye ya ɗauke, sai a buɗe kuka da busasshiyar kuɓewa da zogale, a fara da wanda aka fara shanyawa. Kauɗa da tumatirin kwalba na Mayu zuwa Agusta ne, lokacin da ɗanyen zogale da rama da tafasa suka dawo domin kwaɗo, don haka busasshen ganye ya kamata a ce ya ƙare kafin nan. Watan azumi yana zuwa da wuri da kamar kwana 11 kowace shekara, kuma cefane yana ƙaruwa a cikinsa, saboda haka a duba lokacin da zai faɗo a ware masa kasonsa tun ranar rabo. Mai riƙe da littafin ƙungiya ya rubuta watan da kowane abu ya ƙare a gidajen mambobi, domin da wannan lissafi za a san kadadar da za a ƙara wa kuɓewa ko a rage wa yakuwa idan shuka ta zo.